Girej: a shafa a bango a gani kafin a sayi bokiti

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan abin da wani zai ce bai kai a ɓata tawada saboda shi ba, wato fentin ɗaki. Na san shafin wasiƙu ya saba da zancen tsaro da tsadar abinci da siyasa. To amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma kuɗin da mutane suke zubarwa a fenti su dawo suna cizon yatsa ba kaɗan ba ne a wannan marra.

Ni mai ɗinkin labule ce a Badarawa, ina kuma bin 'yan jere idan an yi biki. Sana'ar ta sa na shiga ɗakunan mutane fiye da ungozoma, daga Malali zuwa Kinkinau, daga Unguwar Dosa zuwa Rigasa, har sababbin gidajen hayin kogi a Millennium City. A da in na shiga gida, abin da na saba gani shi ne ruwan madara daga sama, fenti mai mai ruwan ƙasa daga ƙasa saboda hannun yara, ɗakin amarya kuma ruwan hoda ko kore. Yanzu kuwa yarinya za ta ciro waya ta miƙo mini hoto ta ce, "Anti, girej za a yi mini, ki nemo labulen da zai hau." Kalmar ta Turanci ce, an haɗa sunan ruwan toka da na wata kala mai kama da yashi, aka sami abin da yake tsakani. Bai kai toka sanyi ba, bai kai ƙasa ja ba. Wanda yake son ya gane shi ba tare da waya ba, ya dubi bayan kurciya.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka bari in fara da kaina. Bara, ana saura mako uku bikin 'yata ta biyu, ita amaryar ta matsa sai an sake fentin falonmu kafin dangin ango su zo. Ta nuna wa mai fenti hoto. Ya duba bai fi ƙiftawar ido ba ya ce, "Hajiya, wannan ai ba wani abu ba ne, fari ne da ɗan baƙi." Ya sa aka sayo bokitin farin emalshan, ya zauna a tsakar gida ya ɗiga baƙi, ya ɗiga ruwan ƙasa, ya ƙara wani ja-ja daga ƙaramar kwalba, yana juyawa da guntun katako kamar mai talge. A cikin bokiti abin ya yi kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Da ya bushe a bango da rana, sai ya yi kama da filasta. Da aka yi magariba muka kunna ƙwai, sai falon ya rikiɗe ya koma kamar an wanke kofin zoɓo a cikin ruwan toka. Ba a nan ta tsaya ba. Fentin ya ƙare a bango na uku, ya sake haɗa wani da ido, shi kuma na huɗun ya fito da tsanwa-tsanwa. A kusurwar da bangayen biyu suka haɗu, kai ka ce ɗakuna biyu aka manna.

Surukata ta iso daga Zariya ana jibi ɗaurin aure. Ta zauna, ta sha ruwa, ta ɗaga kai ta bi bangon da kallo, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, yaushe za a yi fentin? Ga baƙi na tafe." Na ce, "Ai an yi, Hajiya." Ta yi shiru, ta sake dubawa, ta ce, "To, Allah Ya sa albarka." Duk wadda ta zauna da suruka ta san nauyin irin wannan addu'ar.

Haka aka yi biki aka watse, ina ta jan labule ina rufe abin da zai rufu. Bayan wata biyu na je auna tagogi a wani gida a Unguwar Rimi, matar gidan mai zanen gine-gine ce. Falonta girej ne, amma nata kwance yake lumui, ido ba ya gajiya da shi. Na ajiye tef na ce, "Don Allah Hajiya, me kika yi wanda ban yi ba?" Ta yi dariya ta ɗauko katunan kala daga durowa, ta jera guda biyar a kan farar takarda. Da ɗai-ɗai na gan su da na rantse kala ɗaya ce. Da suka jeru sai ga wannan ya karkata wajen kore, wancan wajen ruwan hoda, wani wajen ruwan ɗorawa. Ta ce duk girej yana da wata kala kwance a ƙarƙashinsa, tana ɓoye a cikin bokiti, haske ne yake tono ta. Jan nan da mai fentina ya ɗiga, shi ne ya haɗu da baƙi ya ba ni zoɓo. Ƙwan falona kuma ya ƙarasa aikin.

Maganar ƙwan ita ta fi ba ni mamaki, domin ban taɓa karanta kwalin ƙwan lantarki ba sai ranar. Akwai lamba a jiki mai harafin K a ƙarshe. Mai 6500K shi ne farin nan tas mai sirkin shuɗi, wanda ya cika kasuwanninmu, kuma irin haskensa fitilun caji da na sola da yawa suke bayarwa. Mai 3000K yana da ɗumi, ya karkata wajen rawaya kamar ƙwan da muka taso da shi. Mai 4000K yana tsakani. Farin ƙwai yana tsotse ɗumin girej ya bar tokar zalla, in akwai ja a ƙarƙashi ya mai da shi shuni-shuni. Hotunan da 'ya'yanmu suke gani a waya kuwa, yawanci an ɗauke su ne da rana a ɗaki mai taga kamar ƙofar gareji, an kuma gyara hoton, sannan ita kanta wayar tana ƙara nata hasken. Wannan hoton a wayata daban, a wayar 'yata daban. To wanne mai fenti zai bi?

Akwai sanannun girej da ake yawan ambata a intanet. Kamfanin Sherwin-Williams na Amurka yana da Agreeable Gray, Benjamin Moore kuma yana da Revere Pewter, kuma yaranmu sun haddace sunayen kamar karatun allo. Abin da ba su lura da shi ba shi ne wata lamba da ake rubutawa a katin kala, daga 0 zuwa 100, mai nuna yawan hasken da fentin yake mayarwa cikin ɗaki. Baƙi ƙirin yana can wajen 0, fari fat yana wajen 100. Agreeable Gray 60 ne, Revere Pewter wajen 55. A ɗaki mai manyan tagogi wannan ya isa. Mu kuwa fa? Tagarmu ƙarama ce, ga ƙarfen ɓarayi, ga ragar sauro da ta sha ƙura, ga katangar maƙwabci taku uku daga taga, ni kuma in zo in rataya labule mai ninki biyu. A irin wannan ɗakin, fenti mai 55 zai sa ka kunna fitila da azahar. Ni dai a ganina gidajenmu na cikin unguwa sun fi son wanda ya haura 60, ya doshi 70.

Har shawarar da suke bayarwa game da fuskar ɗaki ba tamu ba ce gaba ɗaya. Za ka ji an ce ɗakin da tagarsa take kallon arewa haskensa sanyi ne da shi, ba ya samun rana. A Ingila da yawancin Amurka haka ne, domin rana tana bin kudancinsu duk shekara. Kaduna kuwa tana wajen digiri 10 da rabi ne arewa da tsakiyar duniya. Daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta, ranar tsaka tana karkata ne ta arewa da mu, sauran watannin ta koma kudu. Abin da ya fi damunmu shi ne gabas da yamma. Falon da yake kallon yamma, in la'asar ta yi sakaliya, bangonsa sai ya yi ja kamar an shafa manja. Ga kuma abin da yake waje da taga. In jar ƙasa ce a tsakar gida, ja za ta turo ciki. In darbejiya ce ko mangwaro, kore za su turo. Da hunturu kuma hazo ya rufe gari, komai ya koma fari-fari, bangon da ya yi kyau a watan Yuli sai ka gan shi ya yi fatau.

Kada mai karatu ya ɗauka kushe kalar nake yi. Na sake fentin falona, girej ɗin dai na maimaita, kuma ina jin daɗinsa. Garinmu garin ƙura ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ko ka share ɗaki da safe, kafin la'asar za ka iya rubuta sunanka a kan tebur. Farin bango ba ya wata uku sai ya nuna sawun hannun yara da inda aka jingina kai. Ruwan toka zalla kuma, wanda aka yi yayinsa kafin wannan, jar ƙurarmu tana kwanciya a kansa ta fito ɓaro-ɓaro kamar tsatsa. Girej mai karkata wajen ƙasa kusan kalar ƙurar ce da kanta, don haka yana rufa wa matar gida asiri. Ni kuma a sana'ata ya rage mini wahala. Da, in bango kore ne kujeru ja, sai in yini a Kasuwar Barci da babbar kasuwa ina neman yadin da zai sasanta su. Wannan kuwa ba ya faɗa da kowa. Jan kafet ya hau, shuɗin labule ya hau, ƙofar katako mai duhu da farin silin sun hau, tum-tum na fata da tiren tagulla sun fito kamar don su aka yi bangon.

Da surukata ta dawo da Babbar Sallah ta ga sabon fentin, sai ta matsa ta shafa bangon da tafin hannu ta ce, "Yauwa. Wannan ai kalar rigar tsamiyar marigayi Malam ce." Maganar ta tsaya mini a rai. Tsamiya dai siliki ne na daji da kakanninmu suke kaɗawa su yi aikin babbar riga da shi, ba a rina shi, kalarsa ta halitta ita ce adonsa, kuma ba kowa yake iya mallakar rigar ba. Ashe su ma Faransawa suna da kalma mai lafazi irin na girej, kuma ma'anarta ɗanyen siliki wanda ba a wanke ba, ba a rina ba. Masu masaƙu ma da wannan sunan suke kiran yadin da ya sauko daga injin saƙa kafin a kai shi rini. Mu akoko muke ce masa. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, a masaƙa ya yi aiki a Kakuri, a lokacin da in an tashi daga aiki kekuna suke cika titi har mota ta rasa hanya. Masaƙar farko a can, Kaduna Textiles, ta fara aiki a 1957 zamanin Sardauna, kuma akoko ne abin da aka fara saninta da shi. Da shi aka yi mana katifar rimi da matashin kai, da shi Inna take tace koko. Yau ga jikokin ma'aikatan Kakuri suna nuna mini danginsa a waya da sunan sabon yayi daga Turai. Na yi dariya ni kaɗai a shago har yarinyar da take mini kalmasa ta ɗago tana kallona.

Gine-ginenmu na da ma haka suke. Wanda ya shiga birnin Zariya ya ga tsofaffin soraye, ko ya ga abin da ya rage na cikin tsohon Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, ya san idonmu ya saba da kalar ƙasa tun fil azal. Ana yaɓe da makuba, ana shafe ciki da farar ƙasa, a yi daɓe. Amma fa magabatan ba su bar ɗaki haka ba. Bangon ne yake yin shiru don kaya su yi magana. A ƙofar zaure ga zane, a ɗakin mace ga jeren tasoshi da kwanonin sha masu fure har rufi, ga faifai masu ja da kore, ga tabarma mai zane.

Nan ne nake da ƙorafi a kan 'yan matanmu. An ɗauki girej an mai da shi addini. Bango girej, kujeru girej, labule girej, kafet girej, har furen roba da ake sawa a kusurwa an nemo mai kalar toka. Kwanakin baya mun je jere a wani gida wajen Unguwar Sarki. Kakar amarya ta zo tun daga ƙauye da faifai guda shida da ta saƙa da hannunta, masu kyau, da wani lufuɗeɗen bargo mai ratsin ja. Ƙawayen amarya suka karɓa da "an gode, Kaka," tana juya baya suka tura su ƙarƙashin gado wai za su ɓata tsarin kala. Da aka gama na tsaya a bakin ƙofa na duba. Kuɗi an kashe, babu musu. Amma ɗakin bai yi kama da na amarya ba, ya fi kama da wurin jiran baƙi a otal. Na lallaɓa na zaro faifai uku na rataya su a saman doguwar kujera. Uwar ango tana shigowa su ta fara yabawa. Ban ce komai ba, na ci gaba da saka ƙugiyar labule.

Ga wanda ya yi niyya, abin da na yi a karo na biyu ba shi da wuya. Na je inda ake haɗa kala da inji, na zaɓi guda uku masu lamba, na sayi ƙaramin gwangwani na kowanne. Na shafa kowanne faɗin sallaya, shafi biyu, a bangon da yake kallon taga da kuma wanda tagar take jikinsa. Na bar su kwana uku ina kallo da hantsi, da la'asar, da dare, da kuma lokacin da aka ɗauke wuta muka kunna fitilar caji, tunda rabin darenmu da ita muke yi. Na jingina ƙyallen labule da matashin kujera a jiki. Wanda na fi so a kati shi ya fara faɗuwa, domin tayil ɗin falona ruwan madara ne mai rawaya, shi kuma ya karkata wajen ruwan hoda, suka yi ta hararar juna. Tayil ba ya canzuwa da sauƙi, don haka shi ne uban tafiya, fenti ne zai bi shi. Na rubuta lambar wanda na zaɓa a bayan ƙofar sito, na canza ƙwayayen falon zuwa masu 4000K. Maigida ya yi ta tsiya wai ko zaɓen miji ban yi wa wannan dogon nazari ba. Na ce masa shi ya sa.

In kuwa dole da hannu za a haɗa, to a haɗa na ɗakin gaba ɗaya a lokaci guda cikin babban mazubi, a kuma ɗebi kaɗan a kwalba a ajiye saboda gyara. Lissafin ba boyayye ba ne. Fenti mai kyau lita ɗaya tana rufe wajen murabba'in mita 10 a shafi ɗaya. Ɗaki mai ƙafa sha biyu sha biyu, in an cire ƙofa da taga, bangonsa wajen murabba'in mita 40 ne, shafi biyu ke nan lita 8. Bokiti mai lita 20 zai yi irin wannan ɗakin biyu har a sami ragowa. Wanda ya ce maka bokiti ɗaya zai zagaye gida mai ɗaki huɗu, ruwa zai tuttula, kuma girej da aka cika wa ruwa shi ne yake fitowa dabbare-dabbare kamar filastar da ba ta bushe ba. Kuma kada a yi tsammanin wata kala za ta yi maganin danshi. Bangon da yake shan ruwa daga ƙasa a watan Agusta, ko me ka shafa masa zai kumbura ya ɓare, sai an gyara tushen matsalar. Sabuwar filasta ma tana son wajen wata guda ta bushe kafin a kai mata rola. Inda yara suke yawan bi, fenti mai ɗan sheƙi da ake kira satin ya fi, domin ana goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, sai dai yana tona asirin bangon da ba a yi wa sikiridin, wato shafen daidaita bango, mai kyau ba, kowane tudu da kwari sai ya nuna.

Roƙona ga masu shagunan fenti a garin nan shi ne su riƙa ajiye ƙananan gwangwanaye na gwaji, ko da na rabin lita ne. Mace ba za ta sayi galan uku don ta gwada ba, amma za ta sayi ƙanana uku, kuma in ta gamsu wurinka za ta dawo ta ɗauki bokiti. Su kuma 'yan'uwanmu masu fenti, Allah Ya sa wa sana'a albarka, don Allah in an nuna muku hoto ku daina cewa "ba wani abu ba ne." Ku ce a kawo kati, ko ku shafa kaɗan a bari ya kwana. Wanda ya yi mini na farko ba mugu ba ne, yaron kirki ne, shi na sake kira ya yi na biyun, kuma hannunsa yana da kyau. Da ya ga na shafa kala uku a bango ina zagaya su da fitila, ya ce, "Hajiya, ke kam kin zama injiniya." Yanzu na ji shi ma yana yi wa masu ba shi aiki haka.

Lungun da yake zuwa ɗakin yara dai har yau yana nan da kalar zoɓonsa, domin kuɗin bai kai can ba. Na fasa gaggawar gyara shi. Duk amaryar da ta zo gida da hoto a waya tana neman labule, nan nake fara kai ta, in kunna mata farin ƙwai, in ce ta ɗaga wayar kusa da bangon ta gwada.

Na gode, Malam Edita. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Taku,
Mai ɗinkin labule,
Badarawa, Kaduna.